Wai An Gano Rai a Wata Duniya? Ga Inda Maganar Ta Kwana

A watan Afrilun 2025 wani labari ya cika rukunonin WhatsApp ɗin da nake ciki, na 'yan kasuwarmu da ke Kumasi da Kwatano da Yawunde da Injamena: wai masana sun gano rai a wata duniya. Wasu suka haɗa shi da hoton dodanni masu ƙwala-ƙwalan idanu. Wasu suka ƙara gishiri, suka ce har gine-gine an hango. Masu cewa ƙaryar Turawa ce suna yi, masu cewa dama an daɗe ana ɓoye mana su ma suna yi. Yara kuwa, da malamai suka taɓo musu zancen a aji da Faransanci ko Turanci, suka dawo gida da tambayoyi, iyaye suka yi ta kame-kame.

Wannan ya sa na zauna na bi maganar tun daga tushe. Amsar dai ita ce har yanzu ba a gano rai a ko'ina ba sai a wannan duniyar tamu. To amma akwai abubuwan da aka tabbatar, akwai waɗanda ake kan aunawa, akwai kuma waɗanda zato ne kawai. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin bambancin kayan da ke cikin shago, da kayan da ke kan hanya, da kayan da dillali ya ce "suna nan tafe". Da wannan ma'aunin za mu bi labarin.

Zara ba tauraro ba ce

Mu fara da abin da kowa ya sani. Zara matar wata, mai fitowa bayan magariba, da Gamzaki mai fitowa da asuba, abu ɗaya ne, kuma ba tauraro ba ne. Duniya ce mai kusan girman tamu, wadda masana ke kira Venus. Ba ta da hasken kanta, na rana take arowa. Tauraro na gaskiya shi ne mai ƙuna da kansa, kuma ranar nan da ke gasa mu ita ma tauraro ce, kusanci ne ya sa muke ganin ta da girma. Duniyoyi 8 ne ke kewaya ta, tamu ce ta uku.

Tunda kowane tauraro rana ce, sai tambaya ta taso: su ma suna da duniyoyin da ke kewaya su? An yi ɗaruruwan shekaru ana wannan zato ba hujja. Sai a 1992 wasu masana biyu, Aleksander Wolszczan da Dale Frail, suka gano duniyoyi a gefen gawar wani tauraro da ya riga ya fashe. A watan Oktoban 1995 kuma Michel Mayor da Didier Queloz, 'yan ƙasar Suwizalan, suka sanar da duniya ta farko mai kewaya tauraro irin ranarmu. Sunanta 51 Pegasi b. Ƙatuwa ce, ta iskar gas, kuma ta matse kusa da tauraronta ƙwarai, har shekararta ba ta wuce kwana 4 da 'yan sa'o'i ba. Wannan aiki ne ya ba su kyautar Nobel a 2019.

Daga nan fa ƙofa ta buɗe. A watan Satumban 2025 hukumar NASA ta Amurka ta ce adadin duniyoyin da aka tabbatar ya haura 6,000, ban da wasu sama da 8,000 da ke jiran tantancewa. Waɗannan dubu shidan su ne kayan da ke cikin shago, babu gardama a kansu.

Yaya ake gano abin da ba a gani?

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, mafi yawan duniyoyin nan ba wanda ya taɓa ɗaukar hotonsu. Hasken tauraro yana danne su, kamar yadda fitilar tirela ke hana ka ganin sauron da ke shawagi a gefenta. Dabaru biyu ne suka fi yin aiki.

Ta farko ita ce lura da giftawa. Idan duniya ta ratsa tsakaninmu da tauraronta, hasken tauraron yakan ɗan dusashe, sannan ya dawo. Ɗan kaɗan ne fa. Duniya mai girman Jupita tana rage hasken tauraro irin rana da kashi 1 cikin 100. Mai girman tamu kuwa, ragin bai kai kashi 1 cikin 10,000 ba. Idan dusashewar tana maimaituwa a kan lokaci, ba gaba ba baya, sai a san akwai abin da ke kewayawa. Tsawon lokacin shi ne shekarar duniyar, yawan ragin hasken kuma shi ke nuna girmanta. Na'urar hangen nesa ta Kepler, wadda aka harba a 2009, ta zuba wa taurari kusan 150,000 ido a lokaci guda, kuma kafin ta daina aiki a 2018 ta samar da duniyoyi fiye da 2,600. Wata mai suna TESS ta karɓi aikin tun 2018.

Ta biyu ita ce lura da rangaji. Ka ɗauki babban mutum ya riƙe hannun yaro suna juyi a tsakar gida. Yaron ne ke zagayawa, amma shi ma babban yana ɗan karkata. Haka duniya ke jan tauraronta, ya yi gaba ya yi baya, kuma ana gane haka daga ɗan canjin da ke samun launin haskensa. Jupita tana girgiza rana da saurin kusan mita 13 a daƙiƙa. Duniyarmu kuwa santimita 9 kacal a daƙiƙa, tafiyar kunkuru ke nan. Wannan dabara ce ke bayyana nauyi. Idan aka sami girma aka sami nauyi, sai a yi lissafin da duk mai sayar da hatsi ya sani: buhun auduga da buhun gishiri girmansu ɗaya, sikeli ne ke raba su. Ta haka ake sanin duniyar dutse ce ko ta gas.

Kada kowa ya fara haɗa kaya, domin nisan ba na wasa ba ne. Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, amma sai ya yi shekara 4 da 'yan watanni kafin ya iso mana daga Proxima Centauri, tauraro mafi kusa da rana, wanda aka gano duniya a gefensa a 2016. Kumbon Voyager 1 da aka harba tun 1977 yana cin kusan kilomita 17 a daƙiƙa. Da can ya nufa, sai ya shafe sama da shekara 70,000 a hanya. Duk mai ce maka ana shirin kwashe mutane zuwa can, ka bar shi da zancensa.

Shaƙar iska daga nesa

Sanin cewa duniya tana nan daban, sanin abin da ke cikinta daban. Nan ne binciken yanzu ya fi zafi. Ranar 25 ga Disamba, 2021, aka harba na'urar James Webb, mai madubi da faɗinsa ya kai mita 6.5, aka ajiye ta a nisan kilomita miliyan 1.5 daga nan. Idan duniya tana giftawa ta gaban tauraronta, wani ɗan haske yakan ratsa ta cikin iskar da ke lulluɓe da ita. Na'urar sai ta warware hasken nan launi-launi kamar bakan gizo. Kowace irin iska tana da launukan da take haɗiyewa, don haka gurbin da aka gani shi ne tambarinta. A watan Agustan 2022 aka ga tambarin iskar kabon, irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, ƙarara a wata ƙatuwar duniya mai zafi, WASP-39 b.

Manyan duniyoyi masu zafi suna da sauƙin aunawa. Ƙanana irin tamu su ne masu wuya, kuma su ake nema. Hankalin masana ya fi karkata ga wani ƙaramin jan tauraro mai suna TRAPPIST-1, a nisan tafiyar haske ta shekara 40. A 2017 tawagar Michaël Gillon ta jami'ar Liège da ke Beljiyam ta sanar cewa yana da duniyoyi 7 na dutse, duk masu kusan girman tamu. Wasu daga cikinsu suna daidai tazarar da ruwa zai iya zama ruwa, bai daskare ba, bai ƙafe ba. Da Webb ta auna biyu na ciki a 2023, sakamakon bai yi daɗi ba: babu alamar iska mai kauri, kuma ɓangaren ta farkon da ke fuskantar tauraron ya kai zafin digiri 230 a ma'aunin Salshiyas. Ta huɗun, wadda aka fi sa wa rai, sakamakon farko da ya fito a 2025 bai raba gardama ba, ana ci gaba da aunawa.

A nan akwai kalmar da ke yaudarar mutane a kanun labarai, wato "duniyar da za a iya rayuwa a cikinta". Abin da masana ke nufi tazara ce kawai. Wata ma yana tazara ɗaya da mu daga rana, amma ba iska, ba teku, ba ko ciyawa. Zara kuma, mai kusan girman duniyarmu, zafin ƙasarta ya haura digiri 460, ya isa ya narkar da darma. Shago a bakin titi ba shi ne ciniki ba.

To, mene ne ya faru a Afrilun 2025?

Duniyar da aka yi ta yayatawa sunanta K2-18 b. Tana nisan tafiyar haske ta shekara 124, faɗinta ya ninka na tamu sau biyu da rabi da ɗoriya, nauyinta ya ninka sama da sau 8, shekararta kwana 33. A 2023 tawagar Farfesa Nikku Madhusudhan na jami'ar Kambirij a Ingila ta gano iskar metan da ta kabon a jikinta. A Afrilun 2025 kuma suka ce sun ga alamar wata iska da ake taƙaita sunanta da DMS, ko wata 'yar'uwarta. A nan duniyarmu, ƙananan tsirran teku da ido ba ya gani su ne suka fi samar da ita. Wanda ya taɓa tsayawa bakin ruwa a Lome ko Tema ya shaƙi warin teku, to akwai ita a ciki.

Ka ga dalilin zumuɗin. Sai dai akwai abubuwa uku da masu tura saƙo suka tsallake. Na ɗaya, su kansu masu binciken ba su ce sun gano rai ba. Ƙarfin alamar da suka samu yana matakin da, a lissafinsu, yiwuwar ta zo bisa dace ta kai kusan 3 cikin 1,000, alhali kafin a kira abu tabbatacce a wannan fanni ana so yiwuwar ta gaza 1 cikin miliyan. Na biyu, cikin 'yan makonni wasu masana a Ingila da Amurka suka sake duba alƙaluman nan, suka ce alamar ba ta da ƙarfin da aka ba ta, kuma akwai wasu iskokin da za su iya barin tambari mai kama da wannan. Na uku, ko da an tabbatar da DMS ɗin, ba a gama ba, domin binciken da ya fito a 2024 ya nuna akwai ta a jikin wani tauraro mai wutsiya da ake kira 67P, inda babu wani mai rai. Kai, har yanzu ma ana jayayya a kan ko K2-18 b teku ce ta lulluɓe ta, ko gas ce zalla, ko narkakken dutse ne a ƙarƙashin iskarta.

Wannan ba shi ne karo na farko ba. A 1996 an yi shelar ganin burbushin ƙwayoyin halitta a wani dutsen Mars da aka tsinta a Antatika, har shugaban Amurka na lokacin, Bill Clinton, ya yi jawabi a kai. Daga baya mafi yawan masana suka gamsu cewa abubuwan da aka gani za su iya samuwa ba tare da rai ba. A 2020 ma an yi irin wannan da wata iska a gajimaren Zara. Ni ban ɗauki wannan a matsayin abin kunya ga masu ilimin ba. Haka sana'arsu take: wani ya kawo kaya, sauran su kwance ƙulli su duba. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama.

Abin da ke hannu ya fi abin da ake hange

Duniyoyin nesa sai dai hange. Na maƙwabta kuwa ana iya taɓa su, shi ya sa wasu ke ganin amsar za ta fara fitowa ne daga nan kusa. Motar bincike ta Perseverance, wadda ta sauka a Mars a Fabrairun 2021, tana yawo a wani kwari mai suna Jezero da ya taɓa zama tafki. A Yulin 2024 ta ci karo da wani dutse mai ɗigo-ɗigo kamar fatar damisa. A Satumban 2025 aka wallafa cewa ma'adinan da ke cikin ɗigon irin waɗanda ƙwayoyin halitta kan bari ne a cikin laka. Amma akwai hanyoyin da za su iya samuwa ba rai, kuma ba za a raba gardama ba sai an kawo samfurin ɗakin bincike a nan. Motar ta haƙa ta adana a cikin bututu. Ɗauko shi ne ya zama aiki, domin an ƙiyasta kuɗin zai iya kai dala biliyan 11.

Wanda aka riga aka kawo shi ne ƙurar wani curin dutse mai yawo a sarari, Bennu. Kumbon OSIRIS-REx ya sauke ta a Satumban 2023, giram 121.6, ko kwatan kilo ba ta kai ba. A cikinta aka sami 14 daga cikin sinadarai 20 da jikin mai rai ke gina furotin da su. Bulo da siminti ke nan, ba gida ba. Abin da ya nuna shi ne kayan ginin suna warwatse a sarari tun fil azal.

Akwai kuma samfurin da ke zuwa da kansa, kuma a nan ne maganar ta shigo gidanmu. Wani lokaci babban dutse yakan daki Mars, ɓaraguzai su yi tsalle su bar ta, bayan dogon zamani wasu su faɗo mana. Ranar 3 ga Oktoba, 1962, ɗaya ya faɗo kusa da wani manomi a Zagami, ƙasar Katsina, nauyinsa kusan kilo 18. Daga baya aka tarar iskar da ta maƙale a cikinsa ta yi daidai da iskar Mars da kumbunan Viking suka auna a 1976. Yau gutsattsarinsa suna ɗakunan bincike a ƙasashe da dama.

A Nuwamban 2023 kuma aka tsinci wani a hamadar yankin Agadas a Nijar, mai nauyin kilo 24 da ɗoriya, mafi girman dutsen Mars da aka taɓa samu a doron ƙasa, cikin kusan 400 da aka sani. A Yulin 2025 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi a birnin Niyu Yok kan dala miliyan 5.3. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike a kan yadda ya bar ƙasar, sannan ta dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu.

Tun daga lokacin na san za a sami masu yawo da baƙaƙen duwatsu a jaka suna neman wanda zai zuba jari. 'Yan'uwa, a yi hattara. Mafi yawan duwatsun da ake cewa daga sama suke, na ƙasa ne, kuma ba a ganewa da ido, sai gwaji. Wanda ya tsinci abin da yake zato, kada ya fasa, kada ya wanke. Ya ɗauki hoto a inda yake, ya rubuta wurin da ranar, ya nemi sashen ilimin duwatsu na jami'a mafi kusa, ya kuma san dokar ƙasar da yake zaune kafin ya ƙetare iyaka da shi. Dutsen da aka ɓatar da asalinsa ya rasa wani ɓangare na amfaninsa ga masu bincike, mai shi kuma yana iya rasa dutsen da 'yancinsa gaba ɗaya.

Abin da za mu gaya wa yara

Akwai abin da na ga yana faranta wa yara rai. Ƙungiyar masana taurari ta duniya ta ba ƙasashe dama su raɗa wa wasu taurari da duniyoyinsu suna. A zagayen 2019 Najeriya ta zaɓi Amadioha ga tauraro, Equiano ga duniyarsa. Gana ta zaɓi Sika da Toge, wato zinariya da ɗan kunne a harshen Ewe. Burkina Faso ta ba su sunayen kogunanta, Mouhoun da Nakanbé. A zagaye na gaba Kamaru ta sami Wouri, kogin da ya ratsa Duwala, da Makombé. Ita Makombé ɗin nan zafin tauraronta yana kwashe mata iska, har tana jan wutsiya mai tsawon sama da kilomita 500,000. Yaron da ke makaranta a Duwala ya ji cewa akwai tauraro mai sunan kogin garinsu, ai dole ya so ƙarin bayani.

Ba sai uba ko uwa sun yi karatun kimiyya ba kafin su taimaka. Duk lokacin da irin wannan labari ya shigo waya, tambayoyi uku sun wadatar. Su wa suka yi binciken, kuma me suka faɗa da bakinsu? Wasu masanan daban sun duba sun sami abu ɗaya? Akwai wata hanyar da abin zai faru ba tare da rai ba? Tambayoyin da muke yi wa sabon dillali ne kafin mu saki kuɗi, kuma yaron da ya saba da su zai amfana ko da bai taɓa zama masanin taurari ba.

Labarai kuwa za su ci gaba da zuwa. Hukumar sararin samaniya ta Turai tana shirya na'urar Plato mai kyamarori 26 don neman duniyoyi irin tamu a gefen taurari irin rana. Kumbon Europa Clipper da ya tashi a Oktoban 2024 zai isa Jupita a 2030, ya binciki wani watanta da ake kyautata zaton akwai teku a ƙarƙashin ƙanƙararsa. Kafin nan, daren da aka ɗauke wuta kuma sama ta yi garau, a fito da yara waje. A nuna musu Zara, a nuna musu Kaza da 'ya'yanta. In akwai madubin hangen nesa na hannu mai ɗan ƙarfi, a jingina shi da katanga a saita Jupita: za a iya ganin 'yan ɗigon haske a jere a gefenta. Watanninta ne guda 4 da Galileo ya hango a 1610, kuma Europa ɗin da kumbon nan ya nufa tana cikinsu.